Bindigar Dā da ta Nasara a Ƙasar Tasawa da Mayahi: Wacce Ta Fi Ƙarko?



In aka zauna hira bayan an taso daga gona, aka ɗauko zancen yaƙin dā, ba a rasa mai tambaya: wace bindiga ce ta fi? Wani ya ce ta Nasara. Wani ya ce ta maƙeranmu, don har yau tana rataye a ɗakin kakansa. Gardama ta yi ta tafiya, ba a rabu ba.

To, bari mu auna zancen nan da mudu biyu. Mudu na fari shi ne ƙarko, wato shekara nawa bindiga za ta yi tana aiki ba ta mutu ba. Mudu na biyu shi ne amana, wato in ranar tsanani ta zo, aka ja kunama, za ta tashi ko za ta ƙi. Ba lalle ne abu mai ƙarko ya zama mai amana ba. Tarihin ƙasarmu ya gwada mana haka, kuma a nan kusa da mu aka yi gwajin, tsakanin Tibiri da Tasawa da Maijirgi.

Zamanin kwari da baka

Kakanninmu ba da bindiga suka fara yaƙi ba. Makamansu su ne kwari da baka, da mashi, da takobi, da garkuwa, da doki mai lifidi. Kibiya mai dafi ita ce abin tsoro. Maharbi gwani yana sakin kibiya biyar ko shida kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin shekarar 1804, Gobirawa sun zo da dawaki masu yawa, amma 'yan baka na jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne suka ci nasara.

Akwai wani labari na zamanin nan da ya shafi zancenmu. Malamai sun ruwaito cewa kafin a fara yaƙin, Sarkin Gobir Yunfa ya kira Shehu fadarsa a Alkalawa. Ya ɗauko bindiga ya auna shi. Da ya ja kunama, sai wutar ta komo baya ta ƙona shi kansa, Shehu kuwa ba abin da ya taɓa shi. Malamai sun ce kariyar Allah ce. Duk wanda ya san bindigar wancan zamani kuma ya san cewa halinta ke nan: mai riƙe da ita bai tabbata ba ko gaba wutar za ta yi ko baya.

Ta ina bindigogin nan suke zuwa? Ta hanya biyu. Wasu daga arewa, a bayan raƙuma, tun daga Tarabulus, su ratso hamada su biyo ta Abzin. Wasu daga kudu, daga bakin teku, hannu zuwa hannu har ƙasar Hausa. Tasawa tana bisa hanyar ayarin arewa. Ta nan ne wani Bajamushe mai yawon bincike, Bart, wanda ake ce wa Abdulkarimu, ya biyo cikin watan Janairu na 1851, ya wuce Gazawa, da Katsina, har Kano. Hanyar da ke kawo gishiri da takarda da alharini, ita ce ke kawo bindiga da albarushi.

Harba-ka-ruga

Bindigar dā ta baki ake ɗura ta. Ka zuba albarushi a bututu, ka tura tsumma, ka sa harsashi ko guntayen ƙarfe, ka danna da sanda. Sa'an nan ka zuba albarushi kaɗan a wani ɗan kasko da ke gefe. A bakin kunama akwai dutsen ƙanƙara. In ka ja, ƙanƙara ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kasko, wuta ta bi wata 'yar kafa ta shiga ciki. Akwai doguwa, akwai kuma gajera ta hannu wadda mahaya ke sokewa a ɗamara, amma aikinsu ɗaya ne.

Ku duba wurare nawa ne abin zai iya ɓaci. In damina ce, albarushi ya sha sanyi, ba ya kamawa. In iska ta taso, ta kwashe na cikin kasko. Ƙanƙara tana dakushewa bayan harbi ashirin ko talatin, sai an fiƙe ta ko an sake wata. Albarushi kuma yana barin baƙar dauɗa cikin bututu. In an yi harbi da yawa a jere, dauɗar ta toshe kafar wuta, ta matse bututu har harsashi ya ƙi shiga. Shi ya sa aka yi mata suna harba-ka-ruga. In ka harba ba ka samu ba, to, ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Da yawa daga cikin bindigogin da ake kawowa Afirka, an ƙera su ne musamman don ciniki, a garuruwa irin su Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam. Masu araha ne, ƙarfensu ba mai kyau ba ne. In mutum ya cika albarushi don ta yi ƙara, sai bututu ya fashe, ya tafi da yatsu, ko ido, ko rai.

A mudun amana dai, harba-ka-ruga ba ta cika ba. Amma a mudun ƙarko fa? Nan ta yi zarra. Ba wani abu a jikinta da ya gagari maƙerin ƙauye. In ƙota ta tsage, masassaƙi ya sassaƙa wata, a ɗaure da rawaya ko waya. In kunama ta karye, maƙeri ya hura zuga ya ƙera sabuwa. In harsashi ya ƙare, a sare ƙarfe ko a tsinci tsakuwa. Bindiga ɗaya tana yi wa kaka aiki, ta yi wa ɗa, ta yi wa jika. Ko da an sake kowane sashe nata, sunanta bindigar gidan wane.

Abin da Damagaram ta yi

A maƙwabtanmu na gabas, akwai sarkin da ya gane inda ƙarfin bindiga yake. Shi ne Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi doguwar sarauta daga 1851 zuwa 1884. Shi ya gina ganuwar Zindar. Ya sayi bindigogi daga fataken Tarabulus, ya ba bayinsa, ya mai da su rundunar 'yan bindiga. Masu tarihi sun rubuta cewa ya tara bindiga wajen 6,000 da igwa wajen 40.

Amma Tanimun bai tsaya ga saye ba. Ya san cewa bindigar da ke jiran ayari ya kawo mata abinci, ranar da aka tare hanya ta zama sanda. Don haka ya sa aka riƙa haɗa albarushi a Zindar, maƙera kuma suna zuba igwa a can cikin birni. Igwar gida tana da nauyi, ɗurinta yana da jinkiri, amma ƙararta kaɗai ta isa ta firgita doki, ta karya zuciyar masu tsaron ganuwa. Da wannan ne Damagaram ta zama abin shakka ga maƙwabtanta, har Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano cikin 1898.

Ku riƙe wannan darasi na Tanimun. Bindiga ba ƙarfe ba ce kaɗai. A bayanta akwai maƙeri, da mai haɗa albarushi, da hanya, da mutumin da aka amince wa ya riƙe ta.

Bindigogin Nasara

Yayin da ake haka a ƙasar Hausa, a Turai an sake dabara. An haɗa albarushi da harsashi da abin kunna wuta cikin kwanso ɗaya na tagulla. Ruwa ba ya shiga, iska ba ta kwashewa. Ba a ɗuri ta baki kuma, ta gindi ake sa shi a rufe.

Sojan Faransa suna da dogayen bindigogi iri biyu a ƙarshen ƙarnin nan. Ta fari sunanta Gras, ta shekarar 1874. Harsashi ɗaya take ci, amma soja yana harba ta sau da yawa kafin mai harba-ka-ruga ya ɗura ta biyu. Ta biyu sunanta Lebel, ta shekarar 1886. Tana ɗaukar harsashi 8 a cikinta, kuma da sabon albarushi take aiki, wanda ba ya hayaƙi sosai, ba ya barin dauɗa da yawa. Mai Lebel yana kashe mutum daga nisan da kibiya ba ta ko kusa da kaiwa.

Manyan soja kuma suna rataye da ƙaramar bindigar hannu, wadda ake ce wa libarba. Tana da wani kai mai juyawa, da ramuka 6, kowane rami da harsashinsa. Ita ma iri biyu ce, duka ana ƙera su a garin Santetiyen. Ta 1873 mai nauyi ce, mai kaurin ƙarfe, ba ta jin wahala. Aibinta biyu: harsashinta ba ya da ƙarfi sosai, kuma ɗaya-ɗaya ake fid da kwanso, ɗaya-ɗaya ake sa sabo. An ƙera fiye da 300,000, wasu kuwa suna hannun soja har yaƙin duniya na biyu, shekara sittin da 'yan kai bayan fitowarta. Ta 1892 ta fi sauƙin ɗauka. Kanta yana buɗewa gefe, a zubar da kwanso 6 gaba ɗaya, a sake cikawa da sauri. Ita ma ta daɗe, ta ga yaƙin duniya duka biyu.

Me ya sa libarba ta yi amana haka? Don in harsashi ɗaya ya ƙi tashi, ba sai ka tsaya gyara ba. Ka sake jan kunama, kai ya juya, na gaba ya zo. Sassanta kaɗan ne, kuma kowane an auna shi da inji. Amma ba ta cin nisa. Bayan taki ashirin ko talatin, sai gwani ke samun abin da ya auna. Ba da ita ake cin gari ba. Aikinta tsaron kai ne, da nuna wa soja wane ne shugaba.

A mudun amana, bindigar Nasara ta cika ta batse. Amma tana da lagonta. Maƙerin Kanambakashe ko na Korgom ba ya iya ƙera kwanson tagulla irin nata. In harsashi ya ƙare, ko wani ƙaramin ƙarfe ya karye a ciki, sai a jira na Turai. Turawa sun san haka sarai. Cikin 1890 suka taru a Burusel, suka sa hannu a takarda cewa ba za a sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigar zamani ba, sai irin ta ƙanƙara. Wato sun bar mana mai ƙarko, sun riƙe mai amana.

Shekarar 1899

Gwajin ya zo cikin 1899. Faransa ta turo runduna daga yamma, ta nufi tabkin Chadi. Shugabanninta kyaftin biyu ne: Bule, wanda ake rubuta sunansa Voulet da Faransanci, da Shanuwan. Turawan ba su kai goma ba. Sauran duk baƙaƙen fata ne: sojoji ɗaruruwa, da 'yan dako, da mata da aka kamo. Suna da bindigogin zamani da igwa ɗaya.

Duk inda suka bi sai toka. Sun kashe mutane a Sansane Hausa cikin Janairu. Ranar 16 ga Afirilu suka faɗa wa Lugu, garin Sarauniya. Maharbanta suka shige cikin sarƙaƙiya suna sakin kibau. Nasara ya ci garin, amma an kashe masa soja 4, an raunata 6, ya kuma ƙona harsashi wajen 7,000. Ku lura da wannan lissafi. Kowane harsashi cikin dubu bakwai ɗin nan a kan ɗan dako ya zo, daga nisan wata da watanni, kuma ba a ƙera madadinsa a hanya. Kibiya kuwa, kara ne da ƙarfe da dafi, duk ana samunsu a dajin.

Cikin watan Mayu suka hallaka Birnin Ƙonni. Suka biyo ta ƙasar Gobir, suka shigo yankinmu, suna ƙona ƙauyuka, suna cika rijiyoyi da gawa. Abin da suka yi a Koran Kalgo ba ya faɗuwa. Har 'yan mata ƙanana an rataye a itace.

Labarin ɓarnar ya kai Faransa. Aka turo wani babban soja, Kanal Kulob, ya karɓe rundunar. Ya biyo sawunsu da 'yan sojoji kaɗan, ya cim musu a Dankori, nan ƙasar Tasawa, ranar 14 ga Yuli. Kulob ya hana mutanensa harbi. Bule ya sa nasa suka buɗe wuta, Kulob ya faɗi matacce.

Daga nan Bule ya ce shi ba Bafaranshe ba ne kuma, zai kafa daularsa a ƙasar baƙar fata. Sojojinsa suka ji, suka gane cewa ba za su sake ganin gida ba. Suka juya. Ranar 16 ga Yuli suka harbe Shanuwan. Washegari, ranar 17, suka harbe Bule. A Maijirgi aka yi wannan, can ne kuma ake nuna kaburburansu. Cikin 1923 wani kumandan na Tasawa, Dalabinyat, ya sa aka tone su, aka tarar ba kowa a ciki. Har yau mutane suna zancen wannan.

'Yan uwa, ku tsaya nan ku yi tunani. Bindigogin Bule ba su ƙi tashi ba ko sau ɗaya da za a ce shi ya kā da shi. Sun yi aiki a Lugu, sun yi a Ƙonni, sun yi a Dankori. Sun yi aiki kuma a Maijirgi, amma a kansa. Ƙarfen ya riƙe amana. Hannun da ke riƙe da ƙarfen ne ya gaji da zalunci.

Sauran Turawan suka tattara rundunar suka yi gabas. A ƙarshen Yuli suka gamu da mayaƙan Amadu Kuran Daga a Tirmini. Dawakin Damagaram da bindigoginta na ɗuri ba su iya kusantar wutar Nasara ba. Zindar ta faɗi, aka kashe sarkin cikin watan Satumba. Abin da Tanimun ya tara a shekara talatin, bindiga mai kwanso ta rushe shi a yini ɗaya.

Wacce ta fi ke nan?

Ga amsar da tarihi ya bayar. A filin daga, inda ake son harbi da sauri, da nisa, da tabbas, ta Nasara ta fi nesa ba kusa ba. A zaman yau da gobe kuwa, inda ba kanti, ba harsashi, sai maƙeri da zugarsa, ta gida ce ta rayu. Gras da Lebel da libarba sun wuce, sai a gidan tarihi. Bindigar toka tana nan a hannun mafarauta, tana nan ana buga ta ranar salla da naɗin sarauta.

Amma dukansu biyu, ba wadda ta tsirar da mai ita don ƙarfenta kaɗai. Ta Yunfa ta ƙone shi. Ta Damagaram ba ta tare Tirmini ba. Ta Bule ta kashe Bule.

Bindigar da ba ta mutuwa

Bayan wannan zamani an ƙera bindigar da ta cika mudu biyun duka. Wani sojan Rasha, Kalashnikov, shi ya fito da ita cikin 1947. Tana ɗaukar harsashi 30. An bar sarari tsakanin sassanta da gangan, don haka rairayi da ƙura da laka ba sa hana ta aiki. Ana binne ta a ƙasa, a tono, a shafa mai, ta tashi. Ƙarko ke nan da amana a wuri ɗaya, abin da kakanninmu suka nema ba su samu ba.

To, me ta kawo mana? Bindigar da ba ta mutuwa, yaƙi yana ƙarewa ita ba ta ƙare ba. Daga wannan hannu ta koma wancan. Bayan da gwamnatin Libiya ta rushe cikin 2011, makamai masu yawa suka ratso hamada, ta hanyar da raƙuma suka bi dā. Cikin 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudo jihar Maradi, suna tsere wa 'yan bindiga masu satar shanu da mutane. Ƙauyukan bakin iyaka, wajen Madarunfa da Gidan Runji, su ma sun sha wannan wahala.

Hukuma ta daɗe da ganin haɗarin nan. Cikin 1994 aka kafa hukumar karɓar makaman da ake riƙe da su ba bisa doka ba. Ranar 25 ga Satumba na 2000, a Agadas, aka tara bindigogin tawaye aka cinna musu wuta a gaban jama'a, aka kira ta wutar zaman lafiya. Bindigar da ba ta mutuwa da kanta, sai an kashe ta da gangan.

Kai manomi, kai makiyayi, kai matashi mai zuwa cin rani: wata rana wani zai iya raɗa maka cewa ga bindiga da araha, ba ta tsatsa, ba ta ƙin tashi. Ƙila gaskiya ya faɗa. Amma riƙe bindiga ba da izinin hukuma ba laifi ne a dokar Nijar. Kuma ka tambayi kanka: shekara ashirin nan gaba tana hannun wa? Rigimar gona da burtali da a dā ake kashe ta a gaban maigari, in wannan ƙarfe yana ɗaki, a maƙabarta take ƙarewa. Mai ƙarko ce, za ta jira ranar fushinka, ko ta ɗanka.

Akwai aikin da ya rage gare ku, ku da kuka iya rubutu yanzu. A Maijirgi, da Dankori, da ƙauyukan Gulbin Kaba, akwai tsofaffin da suka ji labarin shekarar Bule daga bakin kakanninsu. Akwai maƙeran da suka san yadda ake gyaran harba-ka-ruga, da sunan kowane sashe nata. Ku je ku gaishe su, ku zauna, ku tambaya. Ku rubuta sunan garin, da sunan rijiyar, da abin da aka ce ya faru a wurin. Ku kai wa malamin ajinku a karanta wa jama'a, a ajiye wa na baya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damina mai albarka. Amin.